Kafin Suga Ya Sauke Ka Daga Kan Mashin

Ƙannena, ku da kuke neman abinci a kan mashin, da ku da kuke hawansa zuwa makaranta ko kasuwa ko gona, ina so kowannenku ya tuna yaushe rabonsa da ya sunkuya ya kalli ƙafarsa lokacin da zai sa giya. Ba wanda ya iya mashin da yake yin haka. Ido na kan titi, kunne na sauraren inji, ƙafar hagu ita ta san inda giya take, ta danna da yatsu ko da dunduniya, ta ji ta shiga. Ƙafar dama na kan birki, ta san bambancin a ɗan taɓa da a taka gaba ɗaya. Hannun hagu na sakin kuloci sannu a hankali, na dama na murza totur. In danja ta tsayar da ku ƙafa ce ke sauka, kuma tun kafin ka yi tunani ta riga ta gaya maka ko kwalta ka taka, ko yashi, ko santsin baƙin mai. Mota tana tsaye da tayoyinta huɗu ko da direba ya yi gyangyaɗi. Shi kuwa mashin, jikin mai shi ne ke riƙe da shi daga lokacin da ya buga kik har ya kafe shi da dare.

Ciwon suga, in ya daɗe a jiki ba a tsare shi ba, waɗannan kayan aikin yake bi yana kwashewa: jin ƙafa, hasken ido, ƙarfin riƙon hannu, da natsuwar ƙwaƙwalwa. Malamin makaranta zai iya ci gaba da koyarwa ko da tafin ƙafarsa ya mutu. Mai shago zai zauna a benci ya yi cinikinsa. Ɗan acaɓa ba shi da wannan sararin. Ranar da ƙafarsa ta daina jin birki sana'ar ta ƙare, ko ya yarda ko bai yarda ba.

Na san abin da wasunku za su ce: ai wannan ciwon tsofaffi ne, ko na masu kuɗi da mota ke ɗauka daga ƙofar ɗaki zuwa ƙofar ofis. Da ma haka ne. Ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai yaƙi da ciwon suga, IDF, ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke ɗauke da shi a Afirka kudu da Sahara, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba. Wannan rabin da bai sani ba shi ya sa na ɗauki alƙalami. A cikinsu akwai waɗanda suka tashi yau da asuba suka buga mashin garau, babu inda ke yi musu ciwo.

Ku dubi yinin ɗan acaɓa. Tun safe har dare a zaune yake. Ya koma gida a gajiye tiɓis, baya na ciwo, kafaɗa na ciwo, sai ya ɗauka ai ya motsa jiki. Alhali dukan rana da jijjigar hanya ne suka gajiyar da shi. Tsokar cinya da ta ƙwauri, waɗanda ke ƙona sukarin jini in mutum na tafiya da ƙafa, ba su yi wani aikin kirki ba. Karin kumallo a teburin mai shayi ne: babban kofi, madara, sukari cokali huɗu ko biyar, biredi, wani lokaci har da indomi. Rana ta take a kora lemon kwalba ko zoɓo mai zaƙin tsiya. Barci ya fara fizga da la'asar a buɗe lemon ƙarin kuzari. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa a ci da sha kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na abin da jiki ke samu a yini, wanda ga babban mutum ya kama kusan giram 50, wato cokalin shayi goma sha biyu. Kwalbar lemo ɗaya mai rabin lita kan kusa cinye wannan kason ita kaɗai. Ba sukari kaɗai ke kawo ciwon ba. Gado na da hannu ƙwarai, haka teɓa da yawan zama. Amma wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da suga, ya kuma ɗora irin wannan yinin a kai shekara da shekaru, da hannunsa yake jawo shi kusa.

Akwai nau'in da ya fi kama yara da matasa, inda jiki ke daina yin sinadarin insulin kwata-kwata. Wannan ba ruwansa da abin da yaro ya ci, ba laifin kowa ba ne, kuma ba ya ɓuya: ƙishirwa, yawan fitsari da rama cikin 'yan makonni, maganinsa allura. Wanda ya fi yawa, kusan tara cikin kowane goma, shi ne mai shigowa a sace. Yakan yi shekaru yana ɓarna kafin a gano shi, har wani ma a ranar da ya kai ƙafa mai gyambo asibiti ne zai fara jin cewa yana da suga.

Ɓarnar tana faruwa ne a ƙananan hanyoyin jini, waɗanda ido ba ya gani, masu ciyar da jijiyoyin ji da bayan ido da ƙoda. Sukarin da ya yi yawa a jini yana cinye su a hankali. Kun san yadda mashin yake yi in wayarinsa ya tsufa, robar ta zazzage: hon ya yi ƙara ba a taɓa shi ba, fitila kuma a kunna ta ƙi kamawa. Haka jijiyar da suga ya ci take yi. Da dare mutum ya ji tafin ƙafarsa na zafi, ko ana tsira masa allura, ko kiyashi na bin sa, babu abin da ya taɓa shi. Da rana kuma ya taka ƙusa bai ji ba. Daga yatsun ƙafa abin yake farawa, domin jijiyoyinsu ne suka fi tsawo a jiki, ƙafa biyu a tare, ya hau idon sawu, ya hau ƙwauri, kafin ya kai gwiwa sau da yawa ya fara taɓa yatsun hannu. Kusan rabin masu ciwon suga sukan gamu da wannan a tsawon rayuwarsu. A wurinmu sai a ce sanyi ne, a nemi jiƙo, a ƙara wata shida.

A kan mashin ga yadda abin yake bayyana. Ka nemi giya ka rasa, sai ka leƙa ƙasa. Ka so ka ɗan rage gudu sai ka ji tayar baya ta ja, domin ƙafar ba ta san iya ƙarfin da ta sa ba. Ko kuma ka ɗauka ka taka, ashe ƙafar ta zame gefe. Silifas ya fita a hanya ba ka sani ba sai fasinja ya gaya maka. Ka sa ƙafa ƙasa a go-sulo, ba ta gaya maka akwai rami ba, mashin ya rinjaye ka. Mashin mai gudun kilomita 40 a awa yana cin mita 11 a cikin daƙiƙa ɗaya. Daƙiƙar da ka ɗauka kana leƙen ƙafarka ta isa yaro ɗan makaranta ya fito daga bayan tirela.

Akwai wani maƙwabcinmu, dattijo da ya haura hamsin, wanda ya daɗe yana acaɓa tsakanin unguwarmu da kasuwa. An taɓa gaya masa yana da suga, yakan sha magani in jiki ya matsa, in ya ji sauƙi ya ajiye. Wata rana bayan magariba ya zo majalisa, ya tuɓe takalmi ya miƙe ƙafa a tabarma. Wani yaro ya ce, "Baba, me ya same ka a ƙafa?" Muka haska da fitilar waya. A cikin ƙwaurinsa na dama, sama da idon sawu, ga ƙuna ta kai faɗin tafin hannun yaro, ta tashi ta fashe, ƙafar wandon ta manne a jiki. Ya zura mata ido, ya fara lissafin yininsa, sai ya tuna da azahar ya ɗauko buhu biyu da suka turo shi, ya ja ƙafar baya a cunkoson bakin kasuwa. Salansa ce ta gasa shi, shi kuwa yana ta hira da mai kayan. "Wallahi ban ji ba," ya ce, ya sake cewa, "ko ɗis ban ji ba." Har da ɗan murmushi ya faɗa, yana ganin an yi sa'a tunda ba zafi. Washegari ya shafa man zafi, ya ɗaure da tsumma, ya fita aiki, domin akwai bakuna a gida. Ƙura ta hau, ruwan kwata ya fantsama, zafin inji na dukan wurin kullum. Kafin shekara ta zagayo an yanke ƙafar a ƙasan gwiwa.

Rashin zafin nan da ya faranta masa rai shi ne ainihin cutar. Zafi ne ke hana mai lafiya taka ciwo har ya warke. Wanda ƙafarsa ta mutu yana taka nasa sau dubbai a yini. Ga jinin da ke zuwa wurin ya ragu, ga ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta sun yi rauni saboda yawan sukari, ga fatar ta bushe domin jijiyar da ke sa gumi ita ma ta mutu, shi ya sa faso ke tsagewa da hunturu har ya yi zurfi. Mafi yawan ƙafafun da ake yankewa saboda suga da ɗan ƙaramin ciwo suka fara. Sannan mu ƙara namu a kai: a ce jifa ne, a ce ya taka wani abu, a kai wa mai magani ya tsattsaga ya cusa gari. Ina roƙonku, in mai suga ya samu ciwo a ƙafa, ko bororo ne ko tsaga ko wurin ya yi ja ya ɗauki ɗumi, a kai shi asibiti a yau ko gobe. Yatsa in ya fara baƙi, ko wari ya fara fita, ko zazzaɓi ya shigo, ba a kwana. Addu'a a yi ta a hanya.

Tsare ƙafar kuwa ba ya cin kuɗi mai yawa. Wanda ke alwala sau biyar a yini ya samu damar duba ƙafarsa sau biyar: ya ɗaga ya kalli tafin, ya buɗa tsakanin yatsu, ya goge ya busar. In wuyansa ko idonsa ba sa kaiwa, madubi ko ɗan gida ya duba masa. A shafa mai a dunduniya, banda tsakanin yatsu. A bar silifas, a sa takalmi rufaffe da safa, kuma kafin a zura ƙafa a zura hannu, domin tsakuwa ko ƙusa na iya kwana a ciki. Kada a jiƙa ƙafa a ruwan zafi, kada a miƙa ta bakin gawayi da sanyi, kada a taka simintin masallaci mai zafi ba takalmi ranar Juma'a. Mai yankan farce na bakin titi, da aska ɗaya da yake bin kowa da ita yana kankare kanta, ba abokin mai suga ba ne. Taba kuma tana ƙara tsuke hanyar jinin da dama ta tsuke.

Ido shi ya fi ban tsoro, domin shi ko alamar dare ba ya bayarwa. A can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani da hoto ke sauka a kai. Hanyoyin jininsa su fara yoyo, su toshe, ido ya tsiro wasu sababbi marasa ƙwari, wata rana ɗaya ta fashe, mutum ya ga baƙaƙen zare na yawo a gabansa ko duhu ya rufe gefe guda. Kafin a kai nan, ganin dare ne ke fara raguwa. Fitilar motar da ke tahowa ta kashe maka ido, ta wuce, ka daɗe ba ka dawo daidai ba. Yanar ido ma tana saurin zuwa wa mai suga fiye da sauran mutane, sai dai ita ana cire ta a samu gani. Wani kuma ganinsa ya riƙa dushewa yana washewa gwargwadon hawa da saukar suga, sai ya je kasuwa ya zaɓi tabarau, bayan mako biyu ya daina yi masa aiki.

Duk wanda aka ce yana da suga irin na manya, a duba bayan idonsa tun a lokacin, sannan duk shekara, ko yana gani tangaran. Cibiyar ido ta ƙasa da ke Kaduna, asibitin ido na ECWA a Kano, da sashen ido na asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano suna wannan aikin. Ranar awon kada ka je da mashin ɗinka, domin maganin da za a ɗiga don buɗe ƙwayar idon zai bar ka da dishi-dishi na wasu awanni. In an gano da wuri, ana tare makanta da hasken leza ko allurar ido. Amma ku san wannan: lezar da ake yi wa faɗin bayan ido tana ceton ganin tsakiya ne, takan rage ganin gefe da na dare. Mutum zai karanta Alƙur'aninsa, zai gane fuskar jikokinsa, amma adaidaita sahun da ke shigowa ta gefensa ba lalle ya gan shi ba. Ga mai mashin wannan babbar magana ce, kuma ya kamata ya tambayi likita ƙarara ko ya halatta ya ci gaba da hawa.

Hannu ma ba ya tsira. Yatsu su yi sanyi su mutu bayan ɗan riƙon kan mashin, wani yatsan ya maƙale a lanƙwashe sai an miƙe shi, kafaɗa ta sandare har waiwaye ya gagara.

Akwai kuma haɗarin da ke zuwa ta hanyar maganin kansa, wato faɗuwar suga. Ba kowane magani ke kawo shi ba. Metformin, wanda aka fi farawa da shi, da wuya ya faɗar da suga shi kaɗai. Amma allurar insulin da ƙwayoyi irin su glibenclamide suna iya yi, musamman in an sha ba a ci abinci ba. Ka haɗiye ƙwaya da safe da niyyar tsayawa wurin mai ƙosai, sai ga fasinja mai nisa, daga shi sai wani, har hantsi ya yi. Sai gumi mai sanyi, hannu na rawa, zuciya na bugawa, yunwa mai tsanani, faɗa ba dalili. Ƙwaƙwalwa da sukari take aiki, in ya yi ƙasa da 3.9 a injin awo mai ƙananan lambobi, ko 70 a mai manyan lambobi, lissafinta ya fara kwancewa, kuma abin baƙin cikin shi ne ita ce ya kamata ta ce maka ka tsaya. Mutane za su ga mashin na tangaɗi su ce ɗan ƙwaya ne. Wanda ya daɗe da ciwon, ko suga ya sha faɗo masa, wani lokaci alamun gargaɗin ma sukan ɓace, daga lafiya lau sai faɗuwa. Mai irin wannan ba shi da hurumin ɗaukar kowa a bayansa.

A Ingila, mai allurar insulin dole ya sanar da hukumar ba da lasin, kuma ƙa'idarsu ita ce ya auna suga cikin awa biyu kafin ya kama tuƙi, sannan duk bayan awa biyu a hanya. In awon bai wuce 5 ba, wato 90, ya ci wani abu tukuna. In ya gaza 4 ba tuƙi, kuma bayan suga ya dawo daidai ya ƙara jiran minti 45, domin ƙwaƙwalwa ba ta farfaɗowa nan take. Mu babu mai tsare mu a hanya ya tambaya, amma jikin ɗan Adam ɗaya ne, ƙa'idar ta dace da Zariya da Maraɗi yadda ta dace da Landan. Ka riƙa yawo da ƙwayar sukari uku ko huɗu a aljihun gaba. Da ka ji alama ka gangara gefe, ka kashe mashin, ka sauka, ka sha, ka jira minti 15, in bai saki ba ka ƙara, sannan ka bi da abinci mai riƙe ciki. 'Yan tasharku su san halin da kake ciki. In kuma kun ga ɗan'uwa ya suma, kada ku ɗura masa lemo a baki, zai iya shaƙewa; a kwantar da shi ta gefe a yi asibiti da shi.

Da azumi abin ya fi tsanani, ga rana ga ƙishirwa ga magani a jiki. A ga likita tun a Sha'aban ya gyara lokacin shan magani da yawansa. Huda yatsa don awo ba ya karya azumi. In suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, likitoci da malaman da suka zauna kan wannan mas'ala sun ce a sha ruwa. Allah da kansa ya yi wa maras lafiya rangwame a Suratul Baƙara, kuma ba taƙawa ba ce mutum ya ƙi karɓar rangwamen alhali matar wani da jaririnta na zaune a bayansa.

Kada wannan duka ya sa wani ya ɗauka da an ce suga shi ke nan an yi sallama da mashin. Da yawa suna hawa har tsufa da ƙafarsu da idonsu. Wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada kan mutum 1,441 masu allurar insulin, wanda aka fitar a 1993, ya nuna cewa tsare suga kusa da daidai ya rage haɗarin fara lalacewar ido da kashi 76 cikin ɗari, na jijiya da kashi 60. Wani da aka yi a Birtaniya kan mutum fiye da 5,000 masu nau'in manya, aka fitar a 1998, ya nuna tsare suga tare da tsare hawan jini na rage ɓarnar ido da ƙoda. Abin lura shi ne ribar tana wurin wanda ya fara da wuri. Jijiyar da ta riga ta mutu da wuya ta dawo. Abin da magani ke yi shi ne ya tsare wadda ta rage. Saboda haka shekarun da babu inda ke ciwo su ne shekarun da ake yanke hukuncin ko za ka kai sittin a kan mashin. Magani kuma ba a ajiye shi don an ji sauƙi. Mai lasifika a bakin kasuwa da ke rantsuwar zai wanke maka suga tas cikin kwana bakwai, kuɗinka zai ci da lokacinka. Zogale da shuwaka abinci ne masu kyau, a ci a kwaɗo da miya, amma ba sa maye gurbin awo da magani.

To, in ranar ta zo fa? A watan Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero, gwamnati ta hana goyo a mashin a birnin Kano. Dubban mutane suka wayi gari ba sana'a. Wasu suka koma adaidaita sahu, wasu suka koma ƙauyuka, wasu suka nufi kudu, inda a 2022 Legas ita ma ta hana a ƙananan hukumomi da dama. Sun sha wuya, amma dokar gwamnati tana da iyakar gari, a tsallaka a ci gaba. Wanda ƙafa ko ido ya hana, duk garin da ya je da su zai tafi. Na san nauyin wannan. Mashin ɗin shi ne gonar, shi ne shagon, wani ma ba nasa ba ne, balas yake kaiwa kullum, babu fansho, babu hutun rashin lafiya. Shi ya sa mutum ke ɓoyewa, ya daina fitar dare ya ce sanyi ne, ya faɗi sau biyu a wata ya ce hanya ce ba kyau, wani ya haɗa da tramol don ya danne zugin ƙafa, ya ƙara dusashe ɗan jin da ya rage masa.

Ba na ganin laifin mai tsoron yunwar iyalinsa. Amma fasinjan da ya ɗaga maka hannu bai auna ƙafarka ba, bai leƙa bayan idonka ba. Ya hau ne a kan amana, da yaƙinin cewa in akuya ta gitta za ka gan ta kuma za ka tsaya. Wanda ya san ba ya jin birki, ko ba ya ganin gefensa, ko suga na kayar da shi ba sanarwa, ya kuma ɗauki ɗan mutane, ya san abin da ya ɗauka a wuyansa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Sauka da ƙafa biyu, da mashin mai lafiya da za a iya sayarwa ko a ba wani haya, ya fi a sauke ka a gadon asibitin ƙashi na Dala, mashin ya zama kuɗin jinya da diyya.

Shi ya sa nake so ku da kuke da ƙuruciya ku fara shirin sauka tun kuna da ƙarfi, ko da suga ko babu. Adashen da kuke zubawa kada ya ƙare a sabuwar waya. Wanda ya yi shekara goma a kan mashin ya san ciwon inji fiye da yadda yake zato. Zama kusa da bakanike, sayar da kayan gyara, faci, wankin mashin, ko mallakar mashin na biyu da wani zai riƙa kawo balas, duk hanyoyi ne da ba su dogara da tafin ƙafa ba. Adaidaita sahu ya ɗauke wa mutum wahalar riƙe abin hawa a tsaye, amma shi ma birkinsa a ƙafa yake, kuma bai rage buƙatar ido da natsuwa ba ko kaɗan, don haka sai da shawarar likita.

Wasunku kuma ba ku ne masu ciwon ba, iyayenku ne. Ku ne kuke ganin Baba na laluben takalmi da ƙafa, kuna ganin sabon ƙwarzane a jikin mashin duk mako. Akwai gwaji mai sauƙi da likitocin asibitin Ipswich a Ingila suka fito da shi, wanda ɗa ko 'ya za su iya yi a tsakar gida. Ya miƙe ƙafa ya rufe ido, ka taɓa kan babban yatsa da na tsakiya da ƙaramin, a kowace ƙafa, da ɗan yatsanka, taɓawa mara nauyi ta daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, ba dannawa ba sosawa, ya ce "e" duk sanda ya ji. In ya rasa biyu ko fiye cikin shidan nan, ji ya ragu, sai asibiti. Kada ku yi masa wannan a gaban jama'a, kada kuma ku ɓoye makulli. Mutum ne da ya ciyar da ku da wannan mashin. Ku bi ta hannun amininsa ko ƙaninsa ko limamin unguwa, kuma kada ku je da "ka daina" kawai, ku je da abin da zai maye gurbi. "Baba, ka huta haka nan, ni zan riƙa fita da shi, kuɗin kuma hannunka zai riƙa zuwa kamar kullum." Ranar asibiti kai za ka goya shi.

In kun je, kada ka tsaya a bakin ƙofa kana jira. Ɗan mai suga yana cikin waɗanda suka fi kusa da kamuwa da ciwon, don haka kai ma ka miƙa yatsa a auna, a auna hawan jini kuma. Awon safe in ya kai 7.0, wato 126, kuma aka maimaita ya sake kaiwa, suga ne. In yana ɗan ƙasa da haka amma sama da daidai, likita zai gaya maka kana bakin iyaka, kuma a nan rage zaƙi, rage teɓa da tafiyar ƙafa ta minti 30 a yini suke iya mayar da mutum baya. Akwai kuma awon HbA1c mai nuna yadda suga ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Ku fita da sassafe ba ku karya ba, domin awon safen yana son awa takwas ba a ci komai ba sai ruwa, ku riƙe abin karyawar Baba a leda ya ci da zarar an ɗebi jinin.